Sankarau a Gaya, da Bashin da Masu Haɗa Sinadarai Ke Bin Mu

Hanya ce ta gina Gaya ta Nijar. Tun kafin a kafa gadar da ta haɗa garin da Malanbil a 1958, fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato kan sauka a wannan gaɓa ta kogin Kwara, su tsallaka su bi ta Kandi da Jugu har Gwanja sayen goro, wasu kuma su yi lodin gishirin Foga su kai shi kasuwannin Kabi da Bargu. Daga baya manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar ruwa ta Kwatano suka gaji ayarin jakuna, ga kuma Kamba ta jihar Kabi nan kusa, inda Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya, su kuma yi auratayya. Abin da ke kawo wa irin wannan gari arziki shi ne ke kawo masa sankarau, wato zirga-zirgar mutane. Ƙwayar cutar ba ta bin sauro, ba ta bin ruwan sha. A maƙogwaro take zama, galibi na mutum lafiyayye wanda bai san yana ɗauke da ita ba, ta fita da tari ko atishawa a ɗakin da aka cunkushe. Ina ganin tarihin wannan cuta a wannan yanki ya isa ya gyara mana ma'aunin da muke auna masanin kimiyya da shi. A jami'o'inmu yau, yawan takardun da malami ya wallafa da yawan waɗanda suka ambace shi ake ƙirgawa. Amma abin da ya sauya bazarar Gaya aiki ne na wasu 'yan tsirarun masu haɗa sinadarai da suka warware matsalar abin da ke cikin kwalba: tsawonsa, jure zafinsa, da kuɗin yin sa.

A Turai aka fara bayyana cutar a rubuce, a Janeba a 1805, kuma a 1887 Anton Weichselbaum ya ware ƙwayarta a Biyana. Babbar annoba ta farko da aka rubuta labarinta a Afirka ta Yamma ta ɓarke ne a arewacin Najeriya a 1905, ta bazu yamma ta ratsa ƙasashen da Faransa ke mulka. Wadda ta biyo baya daga 1921 ta hallaka dubun-dubatar mutane a lardin Sakkwato, maƙwabcin ƙasar Dandi, inda Gaya take, ta gabas. Tun daga nan cutar ta kama wata ɗabi'a da kowane dattijo a yankin ya sani ba tare da karatu ba: tana tasowa idan hunturu ya busar da hanci da maƙogwaro, ta yi ƙamari a zafin Maris da Afrilu, ta kwanta da zarar ruwan farko ya sauka, sa'an nan bayan wasu shekaru ta dawo da ƙarfi. Zazzaɓi, ciwon kai, wuya ya sandare, yaro da ya yi wasa da safe ya fita hayyacinsa kafin dare. In ba magani, tana iya kashe rabin waɗanda ta kama. Ko da magani, kusan ɗaya cikin goma kan mutu, cikin waɗanda suka tashi kuma da dama kan kurmance. A 1963 likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana iyakar wannan bala'i a taswira, wani ziri da ke kudu da Sahara inda ruwan shekara ke tsakanin milimita 300 da 1,100. Gaya, wadda take cikin wuraren da suka fi samun ruwa a Nijar, tana cikin zirin tsundum. Magungunan salfa sun rage mace-mace daga ƙarshen shekarun 1930, amma kafin ƙarshen shekarun 1960 ƙwayar ta koyi bijire musu, hankali ya koma kan rigakafi.

A nan ne labarin ya zama na sinadarai. Ƙwayar sankarau tana lulluɓe da wata riga da aka saƙa da doguwar sarƙar sukari, kuma bambancin wannan sukari ne ya raba ta gida-gida: A, B, C, W, X, Y. Gidan A ne ya haddasa mafi yawan annobar Sahel a ƙarni na 20. Masana sun daɗe da sanin cewa in jini ya gane wannan riga, zai iya kashe ƙwayar. Sai dai gwaje-gwajen shekarun 1940 da aka yi da tataccen sukarin ba su tayar da garkuwar jiki ba, kuma dalilin ba ya cikin jikin ɗan adam. Hanyar tacewar ce ke yayyanka sarƙar ta zama guntaye, jiki kuwa ba ya kula guntaye. Emil Gotschlich da abokan aikinsa a cibiyar binciken sojan Amurka ta Walter Reed suka samo hanyar tsamo sukarin da tsawonsa, ta amfani da wani sinadari dangin sabulu da ke kama sarƙar ya kwantar da ita, suka wallafa sakamakon a 1969. Da aka kawo allurar gidan A arewacin Najeriya gwaji a farkon shekarun 1970, ba ta nuna kariya ba. Da aka bincika, sai aka ga zafi ya tsittsinka sarƙar kafin ta shiga jikin kowa, domin gaɓoɓin sukarin gidan A ba su da ƙarko. Gwajin Masar da na Sudan da aka kula da sanyi sun yi nasara, sa'an nan masu bincike a Holan suka nuna a 1977 cewa in aka busar da allurar tare da sukarin madara tana ƙara jure zafi. Ilimin garkuwar jiki bai canja ba tsakanin gwajin da ya faɗi da waɗanda suka ci. Abin da ke cikin kwalbar ne ya canja.

Wannan allura ta farko ta ceci rayuka masu yawa. Da ita aka yi wa mutane kimanin miliyan 90 rigakafi a Barazil a 1975. Amma tana da naƙasu uku da suka tsara rayuwar ma'aikatan lafiya a Gaya da Dosso da Birnin Kabi har tsawon shekara talatin. Ba ta yi wa yara ƙanana aiki sosai, kariyarta kan dushe bayan 'yan shekaru, kuma ba ta kore ƙwayar daga maƙogwaro, don haka wanda aka yi wa allura zai iya ci gaba da raba cutar. Daga nan aka haifi al'adar jiran annoba. Ana ƙirga marasa lafiya mako-mako, sai sun haura wani adadi a gunduma kafin a aika neman allura, a jira jirgi, a jira mota, a jira ƙanƙara, sau da yawa allurar ta iso bayan an gama zaman makoki, ruwan sama ya riga ya yi aikin da ita aka so ta yi. Gazawar wannan tsari ta bayyana a tsakiyar shekarun 1990. A 1995 annoba ta mamaye Nijar, a tsakiyarta kuma aka gano cewa wasu alluran da aka shigo da su jabu ne, bayan an riga an tsira wa dubun-dubatar mutane. A 1996 Najeriya ta ƙirga mutane 109,580 da suka kamu da 11,717 da suka mutu, kamar yadda Farfesa Idris Mohammed da abokan aikinsa suka rubuta, kuma a faɗin yankin gaba ɗaya an yi maganar mutum 250,000 da mutuwar 25,000. A shekarar ce kuma aka yi gwajin maganin Trovan a kan yara a Kano, wanda tabonsa ya daɗe yana sa iyaye ɗari-ɗari da duk wani mai allura.

Abin takaicin shi ne maganin waɗannan naƙasu yana rubuce tun 1929. A shekarar Oswald Avery da Walther Goebel na cibiyar Rockefeller a Niyok suka nuna cewa sukarin da jiki ke yin biris da shi, in aka ɗaure shi da furotin, jiki zai ɗauke shi da muhimmanci. Sukari shi kaɗai kamar baƙo ne da ya shigo zango ba mai masauki: a gan shi yau, a manta da shi gobe. In yana tare da furotin, furotin ɗin ne ke gabatar da shi ga wani rukunin ƙwayoyin jini masu ba da umarni, su kuma su sa a riƙe kamanninsa, a yi masa makami mai ƙarfi da zai kai har maƙogwaro, ko da a jikin jariri ne. John Robbins da Rachel Schneerson suka farfaɗo da wannan dabara a 1980 a kan wata ƙwaya dabam mai jawo sankarau ga jarirai. A shekarun 1990 kamfanonin Turai sun haɗa irin wannan allura ta gidajen A da C, an gwada a Gambiya, an gwada a kan jarirai a Yamai tare da cibiyar bincike ta CERMES, kuma ta nuna alamar aiki. Sai kamfanonin suka ajiye gidan A suka ci gaba da C kaɗai, domin C ne ke damun Ingila, wadda ta fara yi wa 'ya'yanta allurar a 1999. Takardun gwajin Yamai suna nan, an ambace su, sun ƙara wa marubutansu daraja. Yaron Gaya bai samu komai daga gare su ba a lokacin.

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa wani shiri na musamman da dala miliyan 70 daga gidauniyar Gates, Marc LaForce ya jagorance shi. Kafin a taɓa kwalba, an zagaya an tambayi jami'an lafiya na ƙasashen Sahel, kuma amsar da ta fito, ciki har da ta ma'aikatar lafiya ta Nijar, ita ce allurar da ta fi ƙarfin aljihun ƙasa ba ta da amfani. Aka tsayar da cewa kada kowace allura ta kai rabin dala. Manyan kamfanoni ba su yarda da wannan farashi ba. Mafita ta zo daga ɗakin gwajin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, inda Che-Hung Robert Lee da Carl Frasch suka ƙirƙiro wata hanyar ɗaure sukari da furotin wadda ba ta ɓarnatar da kayan haɗi da yawa. Ana buɗe wasu ƙugiyoyi a jikin sarƙar sukarin, a ɗora wasu a jikin furotin da aka samo daga dafin cutar sarƙewar haƙora bayan an kashe dafin, sai su kama juna. Da yake hanyar mallakar gwamnati ce, an miƙa ta ga kamfanin Serum Institute na birnin Pune a Indiya kusan kyauta, masanansa suka je suka koya da hannunsu a ƙarshen 2003. Aka gwada allurar a Indiya, da Mali, da Gambiya, da Senegal, da Gana, aka sa mata suna MenAfriVac, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010.

A ranar 6 ga Disamba 2010 aka ƙaddamar da ita a Wagadugu, Mali da Nijar suka shiga a zangon farko, Najeriya ta fara a 2011. Duk wanda ke tsakanin shekara 1 da 29 ake yi wa, tun kafin annoba ta zo. A Chadi, inda aka yi wa wasu yankuna allura ana tsakiyar annoba wasu kuma ba a kai gare su ba tukuna, binciken da aka wallafa a 2013 ya nuna raguwar kashi 94 cikin ɗari. Cikin 'yan shekaru sankarau na gidan A, wanda ya yi ƙarni guda yana cin Sahel, ya kusa ɓacewa daga ɗakunan gwaji. Wani ɓangare na labarin kuma a tsallaken kogi ya faru, a jihar Alibori ta Benin wadda Malanbil ke cikinta. A 2012 an tabbatar cewa busasshen garin allurar na iya kwana 4 a zafin da ya kai digiri 40 bai lalace ba, kuma a watan Nuwamba aka gwada hakan a Banikowara, aka yi wa mutane kimanin 155,000 allura ba tare da ɗaukar ƙanƙara ba. Wanda ya san ƙauyukan bakin kogi da rugagen da ba su da lantarki ya san ma'anar wannan: ma'aikaci zai iya kwana a daji ya ci gaba da aiki da asuba, maimakon ya koma gari neman sanyi. Sarƙar da zafi ya tsinka a arewacin Najeriya shekara 40 kafin wannan gwaji ita ce yanzu ke yawo a bayan babur.

Za a ce ai wannan labarin kuɗi ne da siyasa, ba na sinadarai ba. Da Gates bai ba da kuɗi ba, da dabarar Lee da Frasch tana nan a kan takarda. Akwai gaskiya a ciki, kuma gwajin Yamai da aka watsar shaida ne cewa ilimi ba ya kai kansa ƙauye. Amma mai wannan magana ya manta cewa farashi kansa ɗan sinadarai ne. In hanyar haɗi tana zubar da mafi yawan sukarin da aka sha wahalar tatowa, kowace kwalba za ta yi tsada ko wane ne ya biya, kuma gudunmawa ba ta ɗorewa a kan kaya mai tsada. Dala miliyan 70 ƙaramin kuɗi ne a harkar allura. Abin da ya sa ya isa shi ne hanya mai albarka wadda ba wani kamfani da ya killace ta. Kuɗin ya buɗe ƙofa, amma da an zuba shi a kan hanya mai ɓarna, da an samu allurar da Nijar za ta karɓa sau ɗaya a matsayin kyauta, ba wadda za ta shigar cikin jerin rigakafin yara na yau da kullum ba, kamar yadda ta yi a 2017.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na 2015, kuma mutanen jihar Dosso suna da haƙƙin yin sa. A bazarar shekarar sankarau ya dawo Nijar, ya kama sama da mutum 8,500, ya kashe sama da 500. Yamai ta fi jin jiki har aka rufe makarantu, gundumomin Dogon Dutsi da Gaya kuma suna cikin waɗanda abin ya taɓa. Uwar da aka yi wa ɗanta allura shekara huɗu kafin nan ba laifinta ba ne in ta ce an yaudare ta. Amma binciken da Fati Sidikou da abokan aikinta na CERMES suka wallafa ya nuna cewa gidan C ne ya zo, wani sabon iri da aka fara gani a jihar Sakkwato a 2013 da Kabi a 2014, ya bi hanyar da fatake suka bi. Nazarin ƙwayoyin halittarsa daga baya ya nuna asalinsa ƙwaya ce marar riga da ke zaune lafiya a maƙogwaro, ta samu rigar gidan C ta zama makashiya. A 2017 irin nan ya kama sama da mutum 14,000 a Najeriya, mafi yawa a Zamfara da Sakkwato. Allurar gidan A ba ta gaza a aikin da aka yi ta dominsa ba. Inda aka gaza shi ne wajen gaya wa jama'a a fili cewa gida ɗaya aka rufe cikin shida, da kuma wajen tanadin allurar sauran gidajen, wadda ta yi ƙaranci har mutane suka riƙa layi a kantunan magani. Kuma amsar da aka bayar daga baya ta fito ne daga dabarar ɗaurin nan: allurar MenFive, mai rufe A da C da W da Y da X, wadda aka gwada a kan mutum 1,800 a Mali da Gambiya, aka amince da ita a 2023, Najeriya ta fara amfani da ita a Maris 2024, Nijar ta biyo baya a shekarar. Gidan X, wanda ya yi annoba a Nijar a 2006, bai taɓa samun allura ba sai a wannan karo.

Wani kuma zai ce sunayen da na jero na baƙi ne. A ɓangaren sinadarai haka ne, kuma bai kamata a ɓoye ba. Amma tambayoyin da masu sinadarai suka amsa a nan aka yi su. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, cikin shekarun 1970, Brian Greenwood da Hilton Whittle da likitocin ƙasa irin su Sadiq Wali suka nuna cewa allura guda ta wani magani mai daɗewa a jiki na iya warkar da mai sankarau, abin da ya sauƙaƙa jinya a ƙauye, suka kuma gano cewa zazzaɓin cizon sauro na raunana amsar jiki ga rigakafin. Idris Mohammed ya yi gangamin rigakafi a jihar Bauchi tun ƙarshen shekarun 1970. CERMES, da aka kafa a Yamai a 1978, ita ke karɓar ruwan ƙashin baya daga gundumomi irin Gaya tana tantance gidan ƙwayar, ita kuma ta haɗa gwiwa da cibiyar Pasteur wajen ƙera ɗan tsinken gwaji na gaggawa. Samba Sow da Fadima Haidara na Bamako su suka jagoranci manyan gwaje-gwajen alluran biyu. In ba don ma'aikacin jinyar da ya ɗebi ruwan baya a zafin Afrilu ya rubuta sunan ƙauye a jikin kwalba ba, da ba wanda zai san cewa A ya tafi, C ya zo.

Saura ƙorafi ɗaya da nake ganin dole in ba shi rabonsa. In aka ce sai aikin masani ya isa Gaya kafin a yaba masa, to da an kori Avery da Goebel a 1929, domin takardarsu ta yi shekara 50 ba ta warkar da kowa ba, ta kuma yi 81 kafin ta iso Sahel. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ba na kiran a tilasta wa kowane malamin kimiyya ya kawo magani a ƙarshen shekara. Amma ƙirgar takardu ma ba za ta gane su ba, domin a waɗancan shekaru 50 duniya ta koma kan fenisilin, ba a cika waiwayar aikinsu ba. Haka nan ƙirga ba ta bambance takardar da ta buɗe hanya da ɗari da suka maimaita ta, ba ta kuma ganin mako ukun da wani ya ɓata yana koya wa masanan Pune yadda ake haɗi, ko wanda ya zauna yana auna yadda gari ke lalacewa a digiri 40. Irin wannan aiki ne ƙasashenmu suka fi rashi. Nijar da Najeriya da Benin suna da masu gano cuta da masu gwada magani, amma matakin tace sukari, ɗaure shi da busar da shi har yanzu a Pune ake yi. Ɗakin haɗa allura na Yaba a Legas, wanda ya taɓa yin rigakafin agana da na shawara, ya daina aiki tun 1991, kuma Afirka gaba ɗaya tana yin kusan kashi 1 cikin ɗari ne na alluran da take amfani da su. MenFive kuwa kuɗinta ya kusa dala 3, ninkin na MenAfriVac sau da dama, saboda sarƙoƙi biyar ake ɗaurewa maimakon ɗaya. Ko za a yi wa dukan matasan Dosso da Kabi da Alibori ita kafin annoba, ko za a koma tsohuwar al'adar jira, ya dogara ga wanda zai biya, da kuma ko wani mai haɗa sinadarai zai sake rage ɓarnar da ake yi a tukunyar haɗi.